Janbaki a Jakar Sifana

A cikin jakar da nake ɗaurewa a ƙarƙashin sirdin kekena akwai sifana biyu, da robar faci, da ɗan famfo, da janbaki. E, janbakin mata, ja wur. Duk sabon da ya shigo cikinmu, mu masu gangaren dutse da keke, sai ya gan shi ranar da tayar wani ta sace, ya dube ni, ya dubi gemuna, ya rasa ta inda zai fara tambaya. Ni kuwa ba na taimakonsa. Nakan bar shi da zarginsa har mu sauko, domin labarin ba na tsaye ba ne.

Ni malamin sakandare ne a Jimeta, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma a unguwar Rumde aka yanke cibiyata. Tun ina saurayi muka haɗa wata 'yar ƙungiya, mu shida zuwa bakwai, duk Asabar da sassafe mu ƙetare gadar Binuwai mu nufi duwatsun Bagale. A can mu saɓa kekuna a kafaɗa mu hau, muna haki muna zagin wanda ya kawo shawarar, sannan mu juyo mu sako su ƙasa. Mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen sun daɗe da yanke mana hukunci: mahaukatan Jimeta. Ba su yi ƙarya ba. Amma wanda bai taɓa jin iska tana kuka a kunnensa ba, tsakuwa tana tsalle a ƙarƙashinsa, kogi yana can ƙasa yana walƙiya, to bai san abin da muke saya da haukan namu ba.

Abu ɗaya ya kamata mai karatu ya riƙe. Ba a gangaren dutse a zaune. Wanda ya zauna a sirdi, dutsen farko zai cilla shi sama. Miƙewa ake yi a kan feda, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, su ne ke shanye duk dukan da hanya ke yi wa keke. Gangare aikin gwiwa ne, sauran jiki rakiya ya zo.

Sai shekarun nan suka zo, da gari ya cika da 'yan gudun hijira da shingayen sojoji, kowa na kallon jakar kowa. Wata rana na shiga kasuwa sayen sarƙar keke. Na tuna na riƙe ta a hannu ina ƙorafin cewa ba ta da kauri. Abin da na sake sani, ina kwance a asibiti, kunnuwana suna ƙara, kuma mayafin da aka rufa mini ya kwanta shafal a inda ƙafata ta hagu ya kamata ta tayar da shi. Bam ne ya tashi. Waɗanda suka fi ni kusa da shi ba su kai asibiti ba, Allah ya jiƙansu. Ni an yanke tawa a saman gwiwa, abin da ya rage na cinya bai fi taƙi ɗaya ba.

A asibitin nan na yi suna. Ana wanke mini ciwo ina kallon silin, ko uhum. Nas-nas suka riƙa nuna ni ga sauran majinyata, suna cewa ku dubi Bafulatani. Ni kuwa na ɗauki yabon nan na kafa shi a ka kamar hula, ban san zai zame mini kaya ba.

Ba a asibiti na koyi abin ba, a gida na sha shi. Mahaifiyata, Dada, Bafulatana ce ta asali, ni ne kuma ɗanta na fari. A al'adarsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta ma kallonsa ido cikin ido. Tun da na yi wayo sunana a bakinta “wancan”. In za ta ba ni abinci, sai ta ajiye kwano ta ce wa iska, “Ga tuwo nan ga mai ci.” Ina ɗan shekara shida ƙaya ta shige mini tafin ƙafa, na shigo gida ina tsala ihu. Ta juya mini baya ta ci gaba da tankaɗe, ta ce wa rariyarta, “A gidan nan ba a kuka don ƙaya.” Daga ranar na gane cewa faɗin ciwo abin kunya ne. A asibiti ma haka ta zauna kullum a bakin ƙofa, fuskarta ga bango, carbi a hannu. Kalma ɗaya na ji ta faɗa a tsawon jinyar, da Fulatanci: munyal, wato haƙuri. Ko ita ma bango ta gaya wa.

Bayan dungulmin ya warke aka tura ni wata cibiya da ake ƙera ƙafafu. Wadda ta karɓe ni wata mata ce Kirista daga kudancin Adamawa, gajera, mai faɗa, kowa Madam yake ce mata. Ita ta auna ni da filasta, ta yi mini kofin da dungulmi ke shiga ciki, wanda suke kira soket, ta haɗa shi da gwiwar ƙarfe mai sakata. In ka danna sakatar ƙafa ta tsaya ƙyam, in ka sake ta ta yi lilo. Da ita na koyi tafiya, na koma aji, na koma masallaci. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce, kuma har zuciyata. Sai dai duk Asabar da safe nakan ji ƙarar kekunan abokaina suna wucewa ta bakin layinmu, suna rage murya don kada in ji, ni kuwa in ji har ƙarar sarƙar kowa.

Na gwada, mana. Na fito da kekena na tafi layukan unguwar Bekaji inda titi ke da faɗi. A zaune lafiya lau, har na fara yi wa masu Keke Napep fito. Da na ce bari in miƙe a kan feda, gwiwar ta naɗe kamar wuƙar aska, na tafi ƙasa gaba ɗaya. Na danna sakata na sake gwadawa, sai ƙafar ta zama taɓarya, ba ta shanye komai. Na koma gida da gwiwar hannu a ɗaye da zuciya a wuya.

Shekaru suka ɗan ja a haka, gari ya lafa, aka janye yawancin shingayen. Wata rana a ɗakin malamai wani abokin aiki ya miƙo mini waya ya ce in kalla. Wani Bature ne mai ƙafa ɗaya kamar tawa, yana gangaro dutse a tsaye a kan keke, kuma a bayan gwiwarsa ta ƙarfe akwai wani abu yana shiga yana fita. Na tsayar da hoton, na buɗa shi da yatsu. Shokozoba ne! Shokozoba, irin wanda ke ƙarƙashin kowane mashin! Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na kalli abin nan ya fi sau ashirin, na shiga aji na koyar da kogunan Afirka ban san me na faɗa ba. Da aka tashi ban nufi gida ba, na tari Keke Napep na ce Gwadabawa.

A Gwadabawa akwai wani Ibo mai sayar da kayan mashin, wanda iyayensa suka zo Jimeta tun kafin a haife shi. Oga muke ce masa. Da aka hana hawan mashin a gari saboda tsaro, kasuwarsa ta mutu a tsaye, ya koma walda da gyaran kekuna, tsofaffin kayan kuma suka taru a bayan shagonsa har sun kusa kai rufi. Na nuna masa hoton. Ya kalla, ya cire tabarau, ya goge, ya sake kalla.

“Malam Ticha, wannan mutum ya saka mashin a ƙafa!”

“Za ka iya, Oga?”

“Abeg, kar ka zage ni a shago na. Shokozoba ɗari yana bayan nan yana barci. Kawo ƙafa.”

Na farko da muka yi, Allah ya sa babu mai ɗaukar hoto. Oga ya zaɓo shokozoban mashin mai ɗaukar mutum uku da buhun masara, ya ɗaura a wata tsohuwar gwiwa da Madam ta ba mu aro. Na hau keke a gaban shagon, na miƙe, na danna da dukkan nauyina. Abin ya lanƙwashe da ƙyar, sannan ya tuna aikinsa, ya mayar mini da martani. Sai ga ni a cikin kwata, keke a kaina, masu shaguna suna ta sannu suna danne dariya. Oga ya leƙo ya ce, “Ƙafa yana aiki. Kai ne ba ka da nauyi.” Ina cikin kwatar ina dariya har hawaye, domin a daƙiƙa ɗayan nan kafin ya harba ni, na ji gwiwa ta riƙe ni a lanƙwashe. Rabona da jin haka tun ranar kasuwa.

Mun yi wata uku muna fama. Muka bar na mashin, Oga ya samo ƙarami daga wani keken gwanjo na hawan dutse, mai noti da ake murɗawa a ƙara masa tauri ko a rage. Ya yanke, ya liƙa, ya fasa, ya sake. Matarsa ta ce tun da aka hana mashin ba ta ga yana waƙa a bakin aiki ba sai yanzu. Da muka kai wa Madam abin da muka ƙera, ta juya shi sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ce mu biyun duka a ɗaure ya kamata mu kasance. Sannan ta ɗauko filasta. Ta ce tsohon soket na tafiya ne, wannan aikin yana son sabo mai kama cinya sosai.

Ranar da ta ba ni sabon, ta zaunar da ni ta nuna ni da yatsa.

“Malam, ka ji ni da kyau. Ni ba boka ba ne. Ba na gani cikin soket. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk sati ka zo ka gaya mini inda yana cin ka, ni in kankare wurin. Abin da ya rage maka kaɗan ne. In ya yi gyambo aka ƙara yankewa, babu inda soket zai kama. Ba keke ba, ko tafiya sai da sanda. Ka gane?”

Na ce na gane. Kuma wallahi a lokacin na ɗauka na gane.

Wayyo, makonnin da suka biyo baya! Na koma Bekaji, na miƙe a kan feda, gwiwa ta lanƙwashe ta tsaya, ta jira ni. Na hau tudun rage gudu na farko, ta shanye shi. Na biyu, ta shanye. Na sauka daga kan kwalta zuwa ƙasa, na bi ta kan tushen bishiya, na tsallake 'yar kwata, ina ihu ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta dafe ƙirji ta ce, “Ɗan nan, ƙafar ma ta aro ce kake wannan?” Abokaina suka zo suka gani da idonsu, wani ya rungume ni har muka faɗi tare. A wurin muka sa rana: Asabar ta farko bayan ɗaukewar ruwan sama, zan koma Bagale. Na rubuta ranar a bangon ɗakina da alli. Barci ma sai da dabara, ina rufe ido sai in ga hanyar, kowane dutse da kowace kwana.

A mako na biyu soket ya fara cina. Ta ciki ne, can sama kusa da matsematsi, duk lokacin da na danna feda sai in ji kamar an goga mini garwashi. Da Litinin ta zo na je wurin Madam kamar yadda ta ce.

“Yaya? Ina yana ciwo?”

“Lafiya lau, Madam.”

“Babu ko kaɗan?”

“Jam,” na ce mata da Fulatanci, har da murmushi. Lafiya ke nan.

Ta ce in cire ta duba. Na ce ina da aji ƙarfe goma, na makara, sai wani satin. Wani satin na aika mata saƙo cewa ana jarrabawa.

Na sha tambayar kaina dalili. Akwai tsoron kada ta hana ni hawa kafin ranar, wannan gaskiya ne. Amma babban dalilin ya fi wannan wauta. Bakina ne ya ƙi. In zauna gaban mace, ba 'yar'uwata ba, in ce mata wuri kaza yana mini zafi? Ni da aka yanke wa ƙafa ban yi uhum ba, in zo ina ƙorafi a kan ɗan gurjewar fata? Kalmar takan zo har maƙogwaro, sai in ji muryar da ta ce a gidan nan ba a kuka don ƙaya. Na manta cewa ita ƙaya cire ta ake yi, soket kuwa kullum sai an mayar da shi.

Fata ta ɗaye, ta fara ruwa, ruwan ya koma jini. Safar da nake sa wa dungulmi kafin in zura shi a soket ta riƙa fitowa da tabo, tun yana kamar kwabo har ya kai tafin hannu. Na daina ba da safa wanki. Ni da kaina nake wankewa a banɗaki in shanya a cikin ɗaki, wadda ban samu wankewa ba in tura ta ƙarƙashin katifa. A tsakar gida kuwa nakan daidaita tafiyata in wuce Dada kamar soja. Ita ko kallo ban ishe ta ba, ko haka na zata.

Saura kwana tara ranar, ina tsakiyar darasi aka ce ana kirana a waya. Madam ce. Ba gaisuwa. “Ka zo yanzu. In ba ka zo ba ni zan zo makarantan.”

Da na shiga ɗakin aikinta, abin da na fara gani safata ce a kan tebur, a shimfiɗe, da tabonta ya bushe ya yi baƙi. Na biyu kuwa, a kan benci can gefe, fuska ga bango, lulluɓe da mayafinta na zuwa unguwa, Dada ce. Matar da ba ta taɓa zuwa makarantata ba ko ranar da na karɓi kyauta, wadda ba ta taɓa tambayar inda ake yi mini ƙafa ba. Daga baya Madam ta gaya mini yadda aka yi. Tsohuwar ta tari Keke Napep daga Rumde, ta yi ta tambaya har aka nuna mata wurin, ta shigo ta kwance ƙullin mayafi, ta ajiye safar a tebur ta ce, “Ta wancan ce. Ba zai faɗa ba. Ni na hana shi faɗa.” Daga nan ta koma kan benci ta zauna.

Madam ta sa na cire. Ta sunkuya ta duba wurin. Sannan ta fashe.

“Mutanenmu, allura kaɗai za su tara maka unguwa da ihu. Ku kuma a yanka ku, ku ce jam! Wane irin mutane ne ku? Sati biyu da ka ƙara, da likita zan kira, ba fayil ɗin kankare soket zan ɗauka ba!”

Ta ƙwace ƙafar gaba ɗaya, ta sa a kabad ta kulle, ta miƙo mini sanduna. Mako shida, in ji ta, ba soket, ba keke, sai wurin ya rufe.

Ba zan yi wa kaina ado ba, haushi na ji, ba godiya ba. A Keke Napep ɗaya muka koma da Dada, tana kallon dama ina kallon hagu. Na yi kwanaki ina barin tuwonta a inda ta ajiye shi. Asabar ɗin da na rubuta da alli ta zo, na ji kekuna sun tsaya a bakin layi, aka yi ta ƙus-ƙus, sannan suka shigo gaba ɗaya da hulunan kwano a hannu suka ce sun fasa, dutsen ba gudu zai yi ba. Na kore su. Na ce su tafi, ba na son tausayi. Suka ƙi tafiya, suka zauna suka cinye tuwon da na yi wa yaji, har suna neman ƙari. Oga ma ya zo dubiya da lemo a leda, ya dube ni da sanduna ya girgiza kai. “Ni na yi wata uku ina gyara ƙarfe, ashe mutum ne yana da matsala.”

A zaman makonnin nan ne abin ya sauka mini. Na riƙa tuna maganar da aka ce ta yi: ni na hana shi faɗa. Na san abin da fitar nan ta ci mata. A wurin mace irinta, ta ɗauki kayan ɗan fari ta kai gaban baƙuwa, ta nuna wa duniya cewa tana duba ƙarƙashin katifarsa, ya fi mata wuya a kan ta taka wuta. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Wata rana da daddare na cinye tuwon, na kuma ce wa iska, yadda ake yi a gidanmu, “Miyar nan ta yi daɗi.” Daga cikin ɗaki aka ce, “To.”

Da wurin ya rufe na koma. Madam ta ce ta daina yarda da bakina, ta samo wanda ya fi ni gaskiya. Ta buɗe jakarta ta ciro janbaki. Ta sa na zura soket na taka na minti goma, na cire, ta duba inda fata ta yi ja, ta shafa janbakin a daidai wurin, ta ce in mayar. Da na sake cirewa, ga tabon ja a jikin soket ta ciki, daidai inda yake cina. Ta ɗauki fayil ta kankare wurin. Muka sake, ta kankare. Na zauna ina kallon ikon Allah: ɗan abin kwalliya yana faɗin abin da ƙato ya kasa. Sau huɗu muka yi haka a mako biyu, har ta shafa, na sa, na cire, ta ce, “Yanzu je ka ka kashe kanka da hujja.”

Ranar da muka tafi, gari ya waye tas. Mun ƙetare gada muna jere, masunta suna ta ɗaga mana hannu daga cikin jiragensu. A gindin dutse na ƙi yarda kowa ya ɗaukar mini keke, na saɓa shi da kaina, na hau a hankali, ƙafa mai rai gaba, ta ƙarfe tana biye. Oga ya biyo mu da sifana a aljihu, yana haki yana kiran sunan Yesu a kowane tudu. A sama ya durƙusa ya murɗa notin sau biyu, ya buga gwiwar da tafin hannu kamar mai sallamar doki. Na sa hular kwano. Na dubi ƙasa, ga Binuwai, ga rufin Jimeta har iyakar gani. Na damƙi kan keken da kyau. Na yi bisimilla na saki birki.

Jama'a! Dutsen farko ya taho, na miƙe, gwiwa ta lanƙwashe ta shanye shi, ta dawo. Na biyu, na uku, wani rami da ruwan sama ya haƙa wanda ban san da shi ba, duk ta karɓa. Ina jin shokozoban Oga yana numfashi a ƙarƙashina, fus, fus, fus. Iska ta cika mini riga, ta shiga kunnena da kukan nan nata da na yi shekaru ina ji a mafarki. A kwana ta uku, inda kowa ke taka birki, ban taka ba, na kwantar da keken na wuce, tsakuwa na watsuwa. Sai na ji wani yana kurma ihu, ihu na gaske, ashe ni ne. Bafulatanin da aka yi wa shaida a asibiti, ga shi yana ihu tun daga saman dutse har ƙasa, mutanen ƙauye sun fito ƙofar gida suna cewa mahaukacin nan mai ƙafa ɗaya ya dawo. Da na tsaya na kwanta a kan ciyawa na yi kuka, abokaina suka faɗo kaina ɗaya bayan ɗaya. Muka sake hawa. Sau uku na gangaro a ranar.

Bayan la'asar na shiga gida, jikina duk ƙasa. Dada tana kan tabarma a inuwar ɗaki tana tsince shinkafa a tire, ta ba ƙofa rabin baya. Na yi sallama, ta amsa wa tire. Na zauna a bakin tabarmar na fara kwance ƙafar. Gangare na uku ya ɗan taɓa ni, a wani sabon wuri ta baya, ba sosai ba, irin wanda dā ko a zuciyata ba zan kira shi ciwo ba.

Ta ɗauke wata tsakuwa daga cikin shinkafar ta yar. Sannan ta ce wa tiren, “Masu hawan dutse, ko akwai inda ke musu ciwo?”

Jam ta zo har kan harshena, shekara talatin da wani abu tana zaune a wurin. Na haɗiye ta.

“Akwai, Dada. Nan ta baya. Yana mini zafi.”

Ba ta juyo ba. Ta ajiye tiren, ta kama haɓar zaninta inda take ƙulle goro, ta kwance ƙullin a hankali. Matar da ban taɓa ganin ko tozali ya wuce ƙa'ida a idonta ba, sai ga janbaki sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ban san yadda ta ji labarin dabarar Madam ba, ban san ranar da ta shiga kasuwa ba, ban san me ta ce wa mai shagon ba, ban kuma san kwana nawa ya yi a ƙulle yana jiran in buɗe baki ba. Ta ɗora shi a kan tabarma, ta turo shi da yatsa ɗaya har ya taɓa hannuna.

“A shafa,” ta ce. “In ya ƙare a faɗa.”